Katifar da Muka Baro a Kuyello

Asubar Juma'ar da ta wuce muka bar Kaduna, ko shafa addu'a ba mu gama ba direba ya fara danna mana ham a ƙofar masallaci. Ku 'yan ƙungiyarmu ta tsofaffin hafsoshin soja da ba ku samu zuwa ba, masu ciwon baya na gaskiya da masu na ƙarya, ga labarin tafiyar. Ni ne kwatamasta, ni na ɗauki tukunya da garin tuwo, don haka ni zan ɗauki labarin ma, kuma wanda na taɓa a ciki ya yi haƙuri.

Sababbin shiga ba su san Laftana ba, mutumin da muka yi tafiyar dominsa. Daga kurtu ya faro, ya yi shekara da shekaru yana koyar da fareti kafin a ba shi anini a kafaɗa, kuma rabinmu a hannunsa muka koyi bambanta ƙafar hagu da ta dama. Da ya yi ritaya ya ƙi zaman birni, ya koma wani ƙauye a bayan Kuyello, ƙasar Birnin Gwari, ya kama noma. Matarsa ta rasu bara waccan. Bana kuma, dawa tana gab da isa girbi, ya faɗo daga kan keke ƙafa ta karye.

'Yarsa, wadda take aikin nas a nan Kaduna, ita ta zo taronmu na wata ta faɗa mana. Ta ce dawar ta bushe a tsaye, birai suna fitowa daga daji suna ta ɓarna, kuma ba wanda zai girbe masa. Muka ce ina gayya? Ai a ƙauye ba a barin mai karaya da gona. Sai ta sunkuyar da kai. Ashe shekarar da ya koma ya kira gayya, mutane suka zo da makaɗinsu, shi kuwa ya fito da usur ɗinsa na bariki ya jera su sahu, ya hana kiɗa, ya ce surutu ya yi yawa, har ya daka wa Sarkin Noman garin tsawa a gaban 'ya'yansa. Suka saɓa fartanyoyinsu suka tafi. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma daga nesa.

Abin da ta roƙa mota ce, a ɗauko shi ya dawo wurinta gaba ɗaya. Duk wanda ya san Laftana ya san in aka raba shi da gonar nan aka ajiye shi a ɗakin haya yana kallon bango, an gama da shi. Shugabanmu Manjo ya tambaye ta, in dawar ta shiga rumbu fa? Ta ce, "Baba Manjo, dawa ba za ta ɗebo masa ruwa ba, ba za ta kama shi ya tashi ba." Manjo ya ji rabin farko na maganar, ya bar sauran. Ta riga mu tafiya don ta haɗa masa kaya, ta bar mana katifa mu shimfiɗa a mota saboda ƙafar. Shi kuma Manjo ya sa aka sayo adduna da wuƙaƙe, ya ce katifa za ta je, amma ba za ta dawo da kowa a kanta ba.

Motar irin mai bodin katako ce, wani ɗan ƙungiya ya aro mana wurin surukinsa. Manjo ya shige gaba kusa da direba da sandarsa ta hafsa, mu kuwa muka baje a baya. Kyaftin, wanda kuka sani da tumbi, tun kafin mu wuce Mando ya ce wajibi ne a gwada katifar nan kafin a ɗora mara lafiya, ya miƙe a kai. Bai gama gwajin ba sai a Buruku, shi ma ƙanshin ƙosai ne ya tashe shi. Nan muka karya da ƙosai da koko mai zafi. Matar da ke suya har yanzu da sule take lissafi, in ka ce mata kwabo kaza na sabon kuɗi sai ta dube ka kamar ka zage ta.

Daga nan hanya ta shiga daji. Kwalta ce siririya, in babbar mota ta taho dole ɗaya ya sauka gefe, kuma direbanmu tun da aka koma tuƙin hannun dama bai gama yarda da abin ba, lokaci-lokaci sai hannunsa ya ja shi hagu mu yi ta salati. Amma daji ne mai kyau, jama'a. Dogayen itatuwa sun haɗe kai, ga ɗorawa ga kaɗanya ga maɗaci, ciyawa ta fara ja, iska mai sanyi tana shigowa ta tsakanin katako. Mun ga zabin daji suna tsallaka titi a jere, Manjo ya leƙo ta taga ya ce sun fi wasunmu iya maci. Can gaba muka ci karo da garken birai zaune a kan dutse suna kallonmu. Kyaftin ya ɗaga musu adda ya ce su gaya wa 'yan uwansu na Kuyello muna tafe.

A Udawa na sayi zuma a kwalba, baƙa wuluk mai kauri, da doya wadda in na faɗi yadda aka sayar mini matan Kaduna za su ce ƙarya nake yi. Matan Gbagyi ne ke fito da ita daga gona, kuma a kafaɗa suke ɗaukar kaya ba a ka ba. Na ga wata tsohuwa da tulin doyar da ni da Kyaftin sai mun haɗu za mu ɗaga, tana tafe tana hira abinta.

Mun isa Birnin Gwari ana shirin Juma'a. Masu salla muka shiga masallaci, Kyaftin da sauran 'yan uwanmu Kirista suka ce za su tsare mota, muka fito muka tarar sun tsare mai tsire. Gari ne mai sakin fuska. Da aka ji tsofaffin sojoji ne, wani dattijo mai shago ya shimfiɗa mana tabarma ya aika aka kawo fura da nono mai tsami daidai, ya ce shi ma ƙanensa ya je yaƙin Bama bai dawo ba. Ya tambaye mu inda muka nufa, na buɗe baki ke nan Manjo ya taka mini ƙafa. Dokarsa ita ce kada kowa ya san inda za mu, kada kuma a tambayi kowa gonar Laftana, domin in labari ya kai masa zai aiko a ce ba ya so. Harin ba-zata za a kai. Ya ce ya taɓa zuwa sau ɗaya, ya san wurin: a bakin rafi, da babbar ɗorawa a tsakiya.

Hanyar Kuyello ba kwalta. Rami ne da tudu da yashi, sai wata gadar katako da ta sa duk muka sauka muka bi ta da ƙafa, direba ya lallaɓa motar yana karanto duk abin da ya haddace. Da ya haye ya rantse ba zai sake bin ta da duhu ba, gobe kafin rana ta faɗi sai mun tsallake, ko da mu ko ba mu. Muka kwana a wani ajin makarantar firamare, hedimasta ya ba mu aro, ya ɗauka 'yan duba-gari ne.

Gari bai gama wayewa ba Manjo ya jera mu, kowa cikin tsohon kakinsa, wanda maɓallinsa ya rufe da wanda ya ƙi. Muka zagaye ƙauyen ta baya cikin raɓa, ba tari ba magana. Muka iske rafi, muka iske ɗorawa. Gaskiya akwai wata ɗorawar a tsallaken rafin, na kuma ga Manjo ya tsaya yana duban wannan yana duban waccan. Amma da haske ya ƙaru muka ga gonar da ke gabanmu, sai kowa ya yi murmushi. Kunyoyin a miƙe ɗoɗar kamar an ja da igiya, karan dawa kowanne a sahunsa, ba ciyawa ko ɗaya. Manjo ya nuna da sanda ya ce, "Ku dubi layin nan. Wannan aikin wanda ya koyar da fareti ne." Ba wanda ya yi musu, ni ma har da gyaɗa kai.

Muka afka wa gonar. Masu adda suna sare kara, masu wuƙa suna yanke zangarniya, ni da Kyaftin muna ɗaurin dami. Rabon da in ji daɗin aiki haka tun ina saurayi. Wani ya ɗauko tsohuwar waƙar maci, muka amsa ƙasa-ƙasa don kada a ji mu, tsofaffi masu furfura suna haki suna dariya kamar yara. Ƙaiƙayin dawa ya shiga wuya, hannuwa suka yi bororo, ba wanda ya kula. Muka jera dammunan sahu-sahu yadda in Laftana ya zo duba fareti ba zai sami abin faɗa ba. Kafin hantsi ya yi zafi mun ci fiye da rabin gonar.

Sai muka ji ihu. Wasu mata ne da suka zo da ƙorai, suka ga baƙi cikin kaki suna kwashe dawa, suka watsar da kaya suka ruga gari. Kafin mu miƙe bayanmu maza sun fito da sanduna da gatura, wani har da baka. A gabansu wani dattijo ne gajere kakkaura, da fartanya a kafaɗa. Manjo ya gyara hula ya tako ya ce kada kowa ya tsorata, abokan mai gonar ne.

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Abokaina? Ni ban san ku ba."

Manjo ya ce, "Gonar Laftana muke nufi."

Dattijon ya ɗaga hannu ya nuna tsallaken rafi. "Ga ta Soja can. Wannan tawa ce. Ni ne Sarkin Noma."

Na yi shekaru a ƙarƙashin Manjo, na gan shi ana ruwan harsashi bai ƙifta ido ba, amma ban taɓa ganin ya saki baki haka ba sai ran nan. Kyaftin ya zauna daɓas a kan dami. Sarkin Noma ya bi sahun dammunan yana dubawa, ya ɗaga ɗaya ya jijjiga, ɗaurin ya kwance, nawa ne kuwa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har da riƙe ciki, mutanensa suka ɗauka, mu ma da muka ga ba duka sai muka shiga.

Dariyar ta tsaya da muka haye rafin. Gonar Laftana ta ba ni tausayi ƙwarai. Kunyoyin a karkace, aikin mutum ɗaya tsoho da ba mai taya shi. Gefen daji birai sun karya kara sun tattake, sauran ta bushe har tana zuba. Muka dubi hannuwanmu, muka dubi rana. Ƙarfin da muka zo da shi mun zuba a gonar wani, ko adda ba mai iya ɗagawa da kirki, ga direba da gadarsa. A raina na ce shi ke nan, katifa za ta yi aikinta.

Sarkin Noma ya daɗe yana kallon gonar. Can ya ce, "A garin nan wanda ya yi maka gayya kai ma kana yi masa. Ku kun yi mini, ko ban kira ku ba. To ku baƙi ne, ba ku da gona a nan. Ina zan kai mutanena?"

Manjo ya yi wuf ya ce, "Ga gonarmu nan, Sarkin Noma."

"A'a. Mai ita yana da baki. Ya faɗa da kansa."

Haka muka ɗunguma gidan Laftana, mu da rabin gari. Muka same shi a zaure a kan gadon kara, ƙafa cikin karan ɗori, ya rame, amma usur ɗin nan na rataye a wuyansa. Akwatinsa na ƙarfe a ɗaure a bakin ƙofa, 'yar tana tsaye kusa da shi. Da ya gan mu idonsa ya kawo ruwa, sai ya rufe da faɗa: wa ya aiko mu, wa ya ce yana neman taimako, kuma wane sakarai ne ya bar maɓallin Kyaftin a buɗe? Da aka ba shi labarin gonar da muka girbe ya rufe fuska da tafin hannu ya ce, "Kaico. Ni na koya muku duba ƙasa kuwa?"

Manjo ya faɗa masa sharaɗin Sarkin Noma. Laftana ya juya fuska bango. Manjo ya ƙame ya ce, "Laftana, oda ce." Sai Sarkin Noma ya ɗaga hannu daga bakin ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, in oda ce ba na so. Oda ce ta raba mu."

'Yar ta sunkuya ta ce a hankali, "Baba, mota tana jira. In ba za ka iya ba, mu tafi, ba komai." Ya dubi akwatin, ya dubi rumbunsa da ake hangowa ta ƙofa, wayam. Sannan ya sa hannu ya cire usur ɗin daga wuyansa, abin da ko a asibitin bariki bai yarda an cire masa ba, ya miƙa.

"Sarkin Noma, waccan shekarar na yi maka rashin kunya a gaban 'ya'yanka. Ku ba kurata ba ne, maƙwabtana ne. Ka yafe ni. Dawata tana zuba, ka taimake ni."

Sarkin Noma ya karɓa ya jujjuya shi, ya rataya a nasa wuyan ya ce, "Ya wuce, Soja." Ya juya ya yi magana da mutanensa da yarensu na Gbagyi, wani ya ruga ya ɗauko ganga.

Jama'a, mun sha ganin fareti, amma ku zo ku ga gayya. Ba sahu, ba oda, kiɗa kawai da waƙa da tsokana, Gbagyi da Hausawa har da wasu Fulani da suka bar shanu suka shigo. Kowa kamar yana abin da ya ga dama, amma gonar sai ja da baya take yi. Mata suna kwasar dami a kafaɗa zuwa rumbu. Mu hafsoshi aka ba mu aikin da ya dace da mu, wato korar kaji da miƙa ruwa. An ɗauko Laftana da gadonsa aka ajiye a inuwar ɗorawarsa, ina kusa da shi, ina ganin leɓensa yana motsi duk lokacin da wani ya bar kara a karkace, sai ya haɗiye ya ce, "Sannunku da aiki." Na san abin da kalmar nan ta ci masa.

Garin tuwon da na kawo matan Sarkin Noma suka karɓe, suka ce namiji ba zai ɓata musu tukunya ba. Suka yi tuwon dawa da miyar karkashi, Manjo ya sayi akuya aka yanka. Da abinci ya sauka Sarkin Noma ya zo ya cire usur ya miƙa wa Laftana ya ce, "Busa, Soja. Amma na cin tuwo kaɗai." Ya busa da ƙarfin da ya tashi tsuntsaye daga kan ɗorawa, gaba ɗaya gona ta ɗauki shewa.

La'asar ta yi dami na ƙarshe ya shiga rumbu. Saura magana ɗaya, kuma ba a hannunmu take ba. 'Yar tana tsakar gida, uwargidan Sarkin Noma ta riƙe mata hannu tana cewa ta koma aikinta, kunun safe da tuwon dare daga gidansu za su riƙa zuwa, ruwa kuwa matan 'ya'yanta za su ɗebo, mai ɗori ma ɗan uwansu ne. Yarinyar ta fita ta nufi mota, muka bi ta da ido. Ta hau baya ta naɗe katifar, ta ɗora a ka, ta wuce mu ta shiga ɗakin ubanta ta shimfiɗa. Da ta fito ta kwance igiyar akwatin ta ce, "Baba, duk ƙarshen wata zan zo. In na ji ka busa wa wani usur, da kaina zan ɗauke ka."

Muka tsallake gadar katako da sauran rana, muka kwana a Birnin Gwari wurin dattijon nan mai shago, muka shigo Kaduna da hantsin Lahadi. Kyaftin ya yi dawowar a kan buhun doya, yana ta ƙorafin an bar katifa ba a yi shawara da shi ba, kuma an ce a coci barci ya kwashe shi tun waƙar farko.

Sanarwa ga 'yan ƙungiya: an amince baɗi ma za a koma, Sarkin Noma ya ce a zo da wuri, sauran rabin gonarsa ma tana son sojoji. An kuma ƙara doka ɗaya, Manjo da kansa ya kawo ta, cewa duk inda aka je a tambayi mutanen gari.

Ni abin da na taho da shi ke nan. Mun tafi muna ganin ƙarfinmu ne zai tsare Laftana a gidansa, alhali mu kwana ɗaya za mu yi mu tafi, waɗanda za su kai masa kunu suna tsallaken rafi tun tuni. Da mota ta tashi na waiwaya. Laftana yana tsaye a ƙofar zaure da ƙafa ɗaya, ya sara mana kamar yadda ya koya mana, ɗayan hannun kuwa a kafaɗar Sarkin Noma yake, shi ya riƙe shi kada ya faɗi.